Rauni yana wari, gwaji kuma ya ce ba abin da ya tsiro: ina matsalar take?

Tambaya: Likita, ni jami'in lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumar Dukku, jihar Gombe. An kawo mana wani manomi da fartanya ta sara a ƙwauri yana noma, aka ɗinke masa a kemis a ranar. Bayan kwana 3 ƙafar ta kumbura, tana fitar da ruwa mai wari. Muka goga auduga a bakin raunin muka aika ɗakin gwaji, sakamako ya dawo cewa ba abin da ya tsiro. Kwana 2 ke nan muna yi masa allurar jentamaisin yana shan sifro, amma kumburin sai hawa yake, ga zazzaɓi. Wani abokin aikina ya ce ƙwayoyin cuta ne masu gudun iska, a ƙara Flagyl. Shin Flagyl ya isa? Kuma yaya ake gane irin waɗannan ƙwayoyi tunda gwaji bai nuna su ba?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin bayani, ga abin da ba ya jira: wannan bawan Allah ba na ajiyewa ba ne. A warware ɗinkin nan gaba ɗaya, a wanke raunin da ruwan gishirin asibiti mai yawa, a bar shi a buɗe, a sa masa ƙarin ruwa, a ba shi allurar farko ta maganin da zan ambata a ƙasa, sannan a tura shi yau inda akwai likitan tiyata da bankin jini, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A zana iyakar kumburin da biro a kan fata, a rubuta lokaci a gefe, domin wanda zai karɓe shi ya ga saurin da ciwon ke tafiya. Kada a ba shi abinci a hanya, don mai yiwuwa daga mota sai ɗakin tiyata. Abokin aikinka ya yi daidai a zatonsa, amma Flagyl kaɗai ba zai ceci ƙafar ba.

Ƙwayoyin da ake magana a kai bakteriya ne da ba sa iya yaɗuwa inda iskar oksijin take, wasunsu ma mutuwa suke idan ta taɓa su. Gida biyu suke da shi. Na farko jikinmu ne: baki, dasashi, maƙogwaro, hanji da gaban mace. A babban hanji sun ninka masu son iska kusan sau 1,000, kuma a can yawanci ba sa cutar da kowa. Daga cikinsu akwai Bacteroides fragilis a hanji, da Prevotella da Fusobacterium a baki. Gida na biyu ƙasa ce, musamman wadda ta sha takin dabbobi, inda dangin Clostridium ke kwance cikin ƙwanso mai tauri da rana da fari ba sa kashewa, har shekaru. A wannan dangi ake samun Clostridium tetani mai kawo tsinkau-tsinkau, wato tetanus mai sarƙe muƙamuƙi, da Clostridium perfringens mai ruɓar da tsoka yana tara iska a cikinta.

Nama mai rai da jini ke ratsawa yana da oksijin, don haka ba sa iya kama shi. Suna bukatar wurin da jini ya daina zuwa: naman da ya daddatse, gudan jini, ƙasa ko tsinke da ya maƙale, ko mugunya da ta taru. Kuma da wuya su zo su kaɗai. Yawanci suna tare da masu son iska, irin su E. coli da Streptococcus, waɗanda ke cinye ɗan oksijin da ya rage su share musu fili. To duba abin da ya faru da manominka. Fartanya ta shigar da ƙasar gona cikin tsoka, ta murƙushe nama, sai aka zo aka ɗinke baki. Ɗinkin nan kamar rufe tukunya ne da murfi a bar abin da ke ciki ya ruɓe. Ƙa'idar ita ce raunin da ƙasa, taki, cizon dabba ko na mutum ya shiga, ko wanda ya daɗe kafin a zo da shi, ba a ɗinke shi a ranar. A wanke, a yanke mataccen nama, a rufe da bandeji mai laima, a sake dubawa. In ya yi kyau bayan kwana 3 zuwa 5, sai a ɗinke.

Ba raunin gona kaɗai ba ne ƙofarsu. A yankinmu ana yawan haɗuwa da su a hanjin da taifot ya huda, da afendis da ya fashe, da mahaifar da guntun mabiyiya ya rage a ciki bayan haihuwa ko ɓari, da doguwar naƙuda, da gyambon ƙafar mai ciwon suga, da karayar da aka ɗaure tam a wurin mai ɗori har jini ya tsaya, da allurar ɗuwawu da aka yi ba tsabta. Ciwon haƙorin ƙasa yana iya gangarowa ƙarƙashin haɓa, wurin ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago ya toshe hanyar numfashi. Mai farfaɗiya, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda maye ya kwantar, yana iya shaƙar yawu ko amai zuwa huhu, bayan sati 1 zuwa 2 ya fara tari da majina mai ɗoyi, alamar mugunya ta yi rami a huhun. Yaron da kunnensa ya shekara yana zubar da ruwa mai wari, sai ya fara matsanancin ciwon kai da amai da jijjiga, a yi tunanin mugunya ta taru a ƙwaƙwalwa. Haka cutar noma, mai cin kunci da leɓen yara masu tamowa, daga dasashi take farawa kuma waɗannan ƙwayoyi na cikin masu hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato.

A bakin gado ake fara gane su, ba a ɗakin gwaji ba. Wari mai tsanani irin na mushe hujja ce mai ƙarfi, domin waɗannan ƙwayoyi ne ke samar da sinadaran da ke kawo shi. Sai dai rashin wari ba ya kore su, kuma a ruɓewar tsoka ta Clostridium warin ma ba ɗoyi ba ne sosai, wani ɗan ƙarni ne mai zaƙi-zaƙi. Alama ta biyu iska ce a cikin nama: ka danna gefen kumburin a hankali ka ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa. Ta uku, kuma ita ce ke riga sauran zuwa, zafin da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani. Rauni ƙarami, mutum babba yana kuka, zuciya na gudu fiye da yadda zazzaɓinsa ya kamata ya sa ta. Daga nan fata ta koma launin tagulla, ta yi baƙi-baƙi, bororo mai ruwan jini-jini ya fito, ruwan da ke tsattsafowa ya zama tsararo mai launin ƙasa maimakon mugunya mai kauri. Idan wurin da ke zafi jiya ya daina jin taɓi yau, ba sauƙi ba ne, jijiyoyin ne suka mutu. Irin wannan ruɓewa tana iya haye gwiwa cikin sa'o'i, shi ya sa na ce a zana da biro.

Rashin jin maganin da kuka ba shi ma alama ce. Jentamaisin sai da taimakon oksijin yake shiga cikin ƙwayar bakteriya, don haka a kan masu gudun iska ba ya aikin komai, ga shi mugunya na rage masa ƙarfi. Sifro da Septrin su ma ba abin dogaro ba ne a nan.

Sai batun sakamakon gwajin, wanda shi ne ya fi ruɗa mutane. Takardar da ta ce ba abin da ya tsiro ba ta ce babu ƙwayar cuta ba. Abin da ta ce shi ne, a irin yanayin da aka shuka samfurin, ba abin da ya fito. Audugar da aka goga ɗan ruwa kaɗan take ɗauka, iska na ratsa ta ta ko'ina, ta bushe a hanya. Kafin ta isa, da yawa daga masu gudun iskan sun mutu. Waɗanda suka tsira kuma aka shuka su a faranti aka sa a na'urar ɗumama samfur cikin iskar ɗaki, aka duba bayan sa'a 24 ko 48 aka rubuta sakamako. In an riga an fara ba mara lafiya magani kafin a ɗauka, masu son iskan ma ba lalle su fito ba.

Yadda ya kamata a ɗauka shi ne a goge lafiyayyar fatar da ke gefe da aidin ko sifirit, a soka allura ta nan zuwa cikin tarin mugunyar, a zuƙo da sirinji, aƙalla mililita 1 zuwa 2, in an samu fiye ma ya fi. A fitar da duk kumfar iskar da ke cikin sirinjin. In akwai kwalbar da aka tanada don ɗaukar irin wannan samfur, a zuba a ciki. In babu, a cire allurar a toshe bakin sirinjin da murfi mai tsabta, a kai da hannu. Ɗan kaɗan ya isa cikin minti 30, mai yawa na iya jure sa'a 2 zuwa 3. Kada a sa a firji, domin sanyi na ƙara narkar da oksijin cikin ruwan, kuma wasu ƙwayoyin ba sa jure shi. Abin da ya fi duka kyau shi ne guntun nama da likitan tiyata ya yanko daga iyakar mai rai da matacce. In akwai zazzaɓi a ɗebi jini kafin allurar farko, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, ɗaya ta masu son iska, ɗaya ta masu gudunta. A rubuta ɓaro-ɓaro a takardar cewa masu gudun iska ake nema, da inda aka ɗauko samfurin, in ba haka ba aikin yau da kullum za a yi masa. Akwai kuma abubuwan da ɓata kuɗi ne a aika don wannan gwaji: majinar tari, fitsarin da aka tara a roba, audugar maƙogwaro ko ta gaban mace, da bayan gida. Waɗannan wurare dama cike suke da su, abin da ya tsiro ba ya nuna shi ne mai laifi.

A ɗakin gwaji, abin da ya fi saurin amfani shi ne rinin Gram, wato rina samfurin don a ga ƙwayoyin da ke ciki, wanda ba ya wuce minti 15 kuma ana iya yi a duk inda ke da madubin likita. In aka ga ƙwayoyi iri-iri a cakuɗe, dogaye da zagayayyu, amma shuka ta ƙi tsirowa, magana ta kusa ƙarewa. In aka ga manyan sanduna masu kauri da suka kama rini shuɗi, ga fararen ƙwayoyin jini ƙalilan ko babu, to Clostridium ne, dafinsa ne ya narkar da fararen ƙwayoyin, kuma wannan sakamako na kiran waya ne, ba na jiran a zo karɓa ba. Shukar kanta ana yin ta a farantin jini da aka ƙara wa bitamin K da hemin, da kuma romon nama na Robertson ko na tayogilaikolet. A sa farantan cikin tulu mai rufewa ruf tare da fakitin da ke cinye oksijin da takardar shaida mai canza launi, a ajiye a ma'aunin zafi 35 zuwa 37. Ba a buɗe tulun kafin sa'a 48, kuma ba a cewa babu sai bayan kwana 5 zuwa 7. Actinomyces ma, wani nau'insu mai jinkirin tsirowa, yakan kai kwana 10 zuwa 14. Kuskure biyu ke yawan lalata aikin: roban murfin tulun ya tsage iska na shiga ba a lura ba, ko a ɗauka tulun da ake kunna kyandir a ciki a rufe ya wadatar. Kyandir yana mutuwa ne tun da sauran oksijin mai yawa a ciki, bai dace da wannan aiki ba sam. Ba kowane ɗakin gwaji ne ke da waɗannan kaya ba, don haka a tambaya kafin a aika, kuma ko akwai su, ba a jiran sakamako kafin a fara magani.

Hoto na taimakawa wajen gano inda mugunyar ta ɓuya. Eksire na nuna iska a tsakanin tsoka, ko iska a ƙasan tantanin da ya raba ƙirji da ciki idan hanji ya huje, ko rami mai ruwa a huhu. Sikanin na nuna tarin mugunya a hanta, mara da mahaifa. Ƙwaƙwalwa da zurfin wuya sai hoton siti. Amma wanda ƙafarsa ke ƙaras-ƙaras kuma awon jininsa na faɗuwa, ba a tsayar da shi layin hoto.

Magani kashi uku ne, kuma mafi girma shi ne wuƙa. Magani ta jini yake tafiya, mataccen nama kuma ba jini a cikinsa, saboda haka ko wane irin tsada allura ta yi ba za ta isa can ba. Dole a tsaga, a fitar da mugunya, a yanke duk tsokar da ba ta zubar da jini, ba ta motsi idan an tsunkule ta, ko launinta ya dushe, har a kai ga mai rai. A bar wurin a buɗe, a koma ɗakin tiyata bayan sa'a 24 zuwa 48 a sake dubawa, sau da yawa fiye da sau ɗaya. A ciki, a toshe hujin hanji a wanke. A mahaifa, a kwashe abin da ya rage. A baki, a cire haƙorin a buɗe ƙarƙashin haɓa bayan an tabbatar da hanyar numfashi. Ramin huhu kuwa ya saba warkewa da magani ba tiyata, don yana zubowa ta hanyar tari. Wani lokaci ceton rai sai an yanke ƙafa. A nan ne iyali kan ce a ba su lokaci su yi shawara da na gida, ko su nemi tafiya da shi. Ya kamata tun daga wurinku a zaunar da babban cikinsu a gaya masa gaskiya cikin ladabi, cewa abin da za a iya tsayarwa a ƙasan gwiwa da safe yana iya kaiwa cinya da dare.

Kashi na biyu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne, ta jijiya, cikin sa'ar farko. Metronidazol, wato Flagyl, miligiram 500 duk sa'a 8 ga babba, yara kuma miligiram 7.5 ga kowane kilo duk sa'a 8. Yana da ƙarfi a kan Bacteroides, Prevotella, Fusobacterium da Clostridium, yana kuma shiga mugunya da ƙwaƙwalwa. Rauninsa shi ne ba ya taɓa masu son iska ko kaɗan, ba ya kashe Actinomyces, ba ya kuma kama ire-iren Streptococcus na baki. Shi ya sa ba a ba da shi shi kaɗai. A ciwon ciki da mara ana haɗa shi da seftiriyazon giram 1 zuwa 2 a rana. Seftiriyazon shi ma in shi kaɗai ne ba ya iya wa Bacteroides fragilis. Ga mai jego da mahaifarta ta kamu, haɗin da aka saba shi ne amfisilin giram 2 duk sa'a 6, jentamaisin miligiram 5 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, da metronidazol, ko kuma kilindamaisin da jentamaisin. A ciwon haƙori, wuya da huhu, Augmentin giram 1.2 ta jijiya duk sa'a 8 yana rufe ɓangarorin biyu. In an tabbatar ruɓewar tsoka ta Clostridium ce, fenisilin na jijiya yunit miliyan 3 zuwa 4 duk sa'a 4, tare da kilindamaisin miligiram 600 zuwa 900 duk sa'a 8, domin kilindamaisin na tsayar da sarrafa dafin. Ga manominka, kafin a san ko wace ce, seftiriyazon giram 2 da metronidazol miligiram 500 kafin ya hau mota sun yi, in akwai kilindamaisin a ƙara. A dakatar da jentamaisin har a duba ƙodarsa. Manyan magunguna irin su merofenem a bar su ga waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman ko waɗanda na farko ya gaza a kansu.

Tsawon magani ya danganta da wurin. Ciki da aka wanke da kyau, kwana 4 zuwa 7 sun isa. Ramin huhu sati 3 zuwa 6 ko fiye, har hoto ya nuna ya rufe. Ƙwaƙwalwa sati 6 zuwa 8. Actinomyces wata 6 zuwa 12 na fenisilin ko amoksisilin. In zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana 2 zuwa 3, tambayar farko ba wane magani za a canza ba ce, ina mugunyar da aka bari ce. Metronidazol na kawo ɗanɗanon ƙarfe a baki da tashin zuciya, in ya daɗe makonni yana sa dindiris a tafin ƙafa da hannu, yana ƙara ƙarfin maganin tsinka jini na wafarin, kuma ba a shan giya a kansa. Kilindamaisin da seftiriyazon kuwa suna iya share ƙwayoyin hanji masu amfani, wani mai gudun iskan, Clostridioides difficile, ya samu fili ya kawo gudawa mai tsanani. In haka ta faru a tsayar da maganin da ya jawo in zai yiwu, a ba da bankomaisin ta baki miligiram 125 sau 4 a rana kwana 10, ko metronidazol ta baki in ciwon bai yi tsanani ba kuma babu wancan. Masu jinyar mai irin wannan gudawa su wanke hannu da sabulu da ruwa, domin man goge hannu na sifirit ba ya kashe ƙwansonsa.

Kashi na uku tallafa wa jiki ne: ƙarin ruwa mililita 500 a kai a kai ana auna jini da numfashi, robar fitsari don a ga yana fitar da aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a sa'a, oksijin, ƙarin jini in dafin ya farfasa jajayen ƙwayoyi, da maganin zafi na gaske. A auna sugansa ko bai taɓa sanin yana da shi ba.

Tambayarka ba ta ambaci rigakafin tsinkau-tsinkau ba, kuma raunin fartanya a gona shi ne ainihin inda yake fitowa. A tambayi manomin. In bai cika allura 3 a rayuwarsa ba, ko bai sani ba, a yi masa rigakafin a hannu ɗaya, a ɗaya gefen kuma a ba shi maganin kashe dafi, na jinin mutum yunit 250, ko na jinin doki yunit 1,500 bayan an gwada ɗan kaɗan a fata da adirenalin a kusa. In ya cika amma ta ƙarshe ta wuce shekara 5, allurar ƙari kaɗai ta isa. Cutar yawanci tana bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, don haka bai fita daga haɗari ba tukuna. Ba gwajin da ke tabbatar da ita, da ido ake gane ta: muƙamuƙi ya sarƙe, wuya da ciki su sandare, ƙara ko haske ko taɓi su tayar da jijjiga alhali mutum na cikin hayyacinsa. A gaya wa masu jinyarsa cewa da zarar ya ce baki na yi masa wuyar buɗewa ko haɗiya ta gagara, su faɗa wa ma'aikata nan take. Ko ya kamu ya warke, cutar ba ta barin kariya a jiki, sai an ci gaba da yi masa allura ta biyu bayan sati 4, ta uku bayan wata 6, don haka a rubuta masa ranakun a kati ya dawo wurinku a cika.